Kwalba Goma Sha Ɗaya

Ranar da tumatirin Ajiwa ya cika 'Yar Kutungu,
kwando guda ya koma kuɗin cefanen yini,
na ɗauko ban yi shawara da kowa ba.
Sai da na dire shi tsakar gida
na tuna mu biyu ne, ni da Lantana,
firjinmu kuwa tun bara ya zama ma'ajiyar kofuna.

Goggo Tasalla ta leƙo ta katanga.
Ta ce, kwalabe gare ka?
Je ka sayo sababbin marafai, ina zuwa.

Ni tela ne.
In na ɓata shadda, mai ita ya zage ni ya wuce.
Wannan kuwa cikin mutum za shi.
Na ji ana cewa akwai gubar da ke kwana a kwalba,
ba wari, ba launi, ba sallama.
Hannuna na rawa har wuƙa ta faɗi.

Goggo ta ce, riƙe tsoron nan, kada ka yar.
Marar tsoro shi ke kwana a asibiti da iyali.

Ta sa na zaɓe:
mai tabo gefe, mai taushi miyar yau.
Ta bi bakin kowace kwalba da yatsa
kamar mai neman ƙaya a tafin yaro.
Biyu suka faɗi jarrabawa.

Na kai hannu ga albasa da tattasai,
ta buge shi da ludayi.
Tumatir zalla!
Albasa, nama, wake, tafasar ruwa ba ta isar musu,
sai tukunya mai matse tururi, mu kuwa ba mu da ita.
Kawo lemun tsami, cokali biyu kowace babba.
Tsamin nan shi ne maigadi.

Na zuba da zafinsa cikin kwalba mai zafi,
na bar gaɓar yatsa a sama,
na goge baki, na ɗaura murfi.
Ta ce, ɗaurewa na ce, ba kokawa ba.
Tsumma a gindin tukunya,
ruwa ya shanye kawunansu,
minti arba'in da biyar daga sa'ad da ya ɓararrako.

A minti na talatin gawayi ya yi sanyi.
Tafasa ta kwanta.
Na dubi Goggo, ko za ta yafe mini sha biyar ɗin.
Ta ce, hura, ka soma daga ɗaya.
Har aka kira la'asar ina fifita.

Na jera su kan ninkakken zane,
don siminti mai sanyi fasa su yake.
Kada ka taɓa, in ji ta, sai gobe war haka.

Daren nan ban runtsa ba.
Ƙwas.
Can kuma, ƙwas.
Murfi yana shan ciki, yana kama bakinsa.
Lantana na barci, ni ina lissafi a duhu
kamar mai jiran haihuwar akuya.
Sha ɗaya.
Ta sha biyu shiru.

Da wa'adi ya cika na danna murfinta, ya dawo mini.
Ta tafi tukunya, muka ci ta da shinkafa.
Sauran na liƙa musu ƙyalle,
na rubuta kwanan wata da biron awo.

Yau ruwa ke zuba a Ƙofar Sauri.
Tumatir huɗu, ƙanana, an ce ɗari biyar.
Na ɗauko kwalba, na ɗaga ta ga haske.
Murfi bai kumbura ba, kumfa babu.
Da ya kumbura, ko ɗanɗanawa ba a yi, sai rami.
Na buɗe, ta yi ajiyar zuciya.
Duk da haka na bar ta ta tafasa sosai,
Lantana na dariya, wai har yanzu?

Har yanzu.

Muna cikin ci aka yi sallama.
Jikan Goggo ne, ya jiƙe sharkaf.
Wai in da saura, a ba ta ɗaya,
nata sun ƙare tun azumi.